Uku a Haɓar Zane

Litinin, 7 ga Afrilu

Saiwa uku nake nema, masu rai, waɗanda in an binne za su tsiro. Ko biyu. Ko ɗaya ma zan karɓa hannu bibbiyu. Kuma kafin ashirin ga wata, don ranar uwar mijina za ta dawo.

Bari dai in ɗauko daga farko, tunda wayar nan ba ta kai gulma. Nas ɗin asibiti ce ta nuna mini jan maɓallin nan. Ta ce in riƙa rubuta abin da 'yata Kurciya ta ci kullum. Na ce mata ni ban shiga aji ba, lamba kawai nake ganewa. Ta ce to ki danna nan ki faɗa da baki. Abincin yarinya aka ce in faɗa, ga shi na zarce.

Kurciya ta warke. Wannan shi ne babba, kar in manta. Kwana shida tana zazzaɓi da gudawa, komai na kai bakinta ta kau da kai, har nono. Ido ya faɗa, wuya ya zama zare. Yau kuwa ta ja wutsiyar kyanwar maƙwabciyarmu matar tela, kyanwar ta karce ta, ta tsala ihu, ni kuma ina ta dariya. Ihu mai ƙarfi ne. Na yi kewarsa.

Ranar Laraba abin ya fara. Na shiga ɗakin ajiya neman murfin tukunya, na zaunar da ita kusa da tsohon bahon nan na uwar mijina, wanda ke cike da yashi. Ina juyowa na ga ta tura hannu cikin yashin ta zaro wani abu kamar ɗan yatsa, mai jan baya, tana tsotsa. Na gane shi. Saiwar nan ce da ake ce wa haɓar-zane a gidan nan. Ban taɓa jin sunan a wani wuri ba. Watan da muka dawo gidan nan da zama, tsohuwar ta tona a bayan ɗakinta ta dafa, ta ba kowa bibbiyu kamar magani.

Yarinyar da ta kwana shida ba ta nemi komai ba ta nemi abu. Me zan yi? Na wanke huɗu na dafa, na murƙushe da cokali. Ta cinye. Da yamma na ƙara. Washegari haka, har jiya. Ni a ganina baho ne guda, cike. Ashe layi ɗaya ne a sama, ƙasan duk tsakuwa.

Ɗazu matar tela ta leƙo aron rariya, ta ga ɓawon a faranti. Ta ce, me kika dafa haka? Na faɗa mata. Ta ajiye rariyar a hankali ta ce, ke 'yar nan, ai iri ne. Na shukar bana.

Na ɗauka don kar ta bushe ake sa ta a yashi. A gidanmu ba a shuka komai.

Talata, 8 ga Afrilu

Na tankaɗe yashin gaba ɗaya da rariya. Maɓalli ɗaya, ƙusa biyu.

Kurciya ta ci shinkafa cokali tara da rabin ayaba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na gaya wa baban Kurciya. Ya dawo daga gyaran famfon wasu, wando jiƙe har gwiwa, na bari ya ci ya sha tukuna. Da farko dariya ya yi, ya ɗaga Kurciya sama yana cewa, ashe ke kika cinye gadon gidanmu, ɓarauniya. Sai ya ce, saura nawa? Na ce babu. Dariyar ta tafi.

Ya ce a ce ɓera ne. Can kuma shi da kansa ya ce a'a, ɓera ba ya fere ɓawo ya tara a faranti, kuma Inna ta san ɓera.

Tun yana yaro, in ji shi, ko ina suka koma haya da bahon nan ake tafiya. A bar kujera, a bar gado, baho na gaban mota a cinyarta. Na tambaye shi me ya sa ake ce mata haɓar-zane. Ya ce oho, maganar mata ce, su dai ci suke.

Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne matar yayansa. Ita akuyarta ce ta shiga shukar wata shekara. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗa ta yi. Shekara guda ba ta ƙara cin abincin hannunta ba. A kai mata kwano, ta ce an gode, a dawo da shi yadda yake.

Ni wata takwas nake gidan nan. Har yau ban san ko tana sona ba. Magana uku take mini: kin tashi lafiya, rufe randar nan, yarinyar ta ci? Kuma ba ni da uwar da zan gudu wurinta in yi kuka.

Ga shi aikin ido tsohuwar ta tafi. Da tsohon idon ma tana hango ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin tabarma, balle ta dawo da sabo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kasuwa. Na ƙulle ɓawon a leda na bi masu kayan miya layi-layi. Wata ta ce citta ce, wata ta ce in je wurin masu magani. Wani tsoho can ƙarshen rumfa ya shinshina, ya murza, ya ce dangin rizga ce, amma mai jan baya haka bai taɓa gani ba, kuma ko farar ma ba lokacinta ba ne. Ya ce, ina aka samo? Na ce a gida. Ya ce, to koma gidan mana, 'yata, me ya kawo ki wurina?

Ya ba Kurciya karas. Ta ci rabi, ta jefe shi da rabi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Matar tela ta kama ni ina ban ruwa a bayan ɗaki. Ta ce me kika shuka? Na ce ɓawon. Ta ce, dafaffen? Ta zauna a kan bokiti tana dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni ma na yi, me zan yi.

Da ta gama ta ce, tsohuwar ba ta da 'yar'uwa? In gado ne ai ba ita kaɗai ta gada ba.

Akwai ƙanwarta, Iya Mai Kaji. Sau ɗaya na taɓa ganinta. Baban Kurciya ya ce mota biyu ake hawa, zai kwatanta mini.

Lahadi, 13 ga Afrilu

An auna Kurciya jiya da yamma. Nas ta ce ta mai da abin da ta zubar. Ta ce me kika ba ta? Na ce abin da bai kamata ba. Ta ce to ci gaba.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau sai na zauna. Na sha hanya.

Na je. Gidan Iya Mai Kaji siminti ne daga ƙofa har bango, keji a kan keji, ko ina ka taka kashin kaza. Tana jera ƙwai a kiret na shiga. Ta ce, wace ce? Na ce surukar yayarki ce, matar autanta. Ta ce, mai shirun nan? Zauna, kar ki zauna kan ƙwai.

Ban iya kwana-kwana ba, na ce, Iya, ko kina da haɓar-zane? Ta ce tata ta mutu shekara goma sha wani abu ke nan. Ta shuka a buhu, kaji suka tone, ta sake, suka sake. Ta ce a duniyar nan in ba bahon yayata ba, ban san inda ta rage ba.

Nan na fashe. Na faɗa mata duka, ina kuka, Kurciya tana bayana tana kiran kaji. Iya ba ta daina jera ƙwai ba. Da na gama ta ce, kwance ta in gani. Ta ɗora ta a cinya, ta matsa damtsenta, ta ce, kin san daga ina sunan ya fito? Na ce a'a. Ta ce shirun yayata zai kashe mutum.

Ga yadda ta ba ni, in ban ɓata ba. Kakarsu ce. Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa, kowa ya ɗaure kaya ya bar gari a ƙafa. Ita abin da ta ɗauko kwando ɗaya ne na irin saiwar nan, don in sun sami wurin zama su shuka. A lokacin da wani suna ake kiranta, ba wanda ya riƙe shi yanzu. A hanya ƙaramar 'yarta ta kwanta, ba ta karɓar komai sai saiwar. Kakar ta riƙa dafawa, yau kaɗan gobe kaɗan, mijin yana faɗa, yana cewa kin dafa shekara mai zuwa. Har kwandon ya ƙare. Da suka sauka, ruwan farko ya zuba, sai ga ta tana tona rami. Ashe tun ranar fita ta ƙulle uku a haɓar zanenta, ko mijin bai sani ba. Da ta yi yabanya maƙwabta suka riƙa tambaya, wannan daga ina? Ta ce daga haɓar zane. Shi ke nan suna ya zauna.

Iya ta ce, yarinyar da aka dafa wa kwandon ita ta haife mu. Da kakarmu ta yi rowa, da babu ni babu uwar mijinki, babu wannan mai jan kunnen nawa.

Na ce amma ita ta rage uku, ni ban rage ko ɗaya ba.

Ta ce, ke kin taɓa ganin 'yar gidanmu ta zuba iri duka wuri ɗaya? Kafin a binne a yashi sai an ware uku an ƙulle a tsohon zane, kowace shekara. In 'yarki za ta bar gida, ki ba ta. In kuma ke ce za ki wani wuri da ba ki da tabbacin dawowa, ki ba ta. Ta ce, yayata dai maza ta haifa, uku rigis. Ban san wa za ta ba ba. Ki duba ƙarƙashin katifarta.

Na san ba sa ƙarƙashin katifa.

Don ranar da za a tafi da ita asibiti, mota na jira, ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wani zane. Tsoho, ya koɗe, har ana ganin haske ta cikinsa. Ta ce, ajiye wannan. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ji ƙulli a gefe, na ɗauka maganin tsofaffi ne. Kuma raina ya ɓaci, gaskiya. Na ce wato darajata ke nan a gidan nan, tsumma. Washegari tela ya ce yana neman ƙyallaye na cusa matashin kai, na haɗa da zanen na ba shi.

Ban gaya wa Iya wannan ba. Na dai miƙe na saɓa yarinya. Ta bi ni har ƙofa da ƙwai shida a leda, ta ce, matar babban nan da kike tsoron labarinta, ba don akuya aka ƙi abincinta ba. Cewa ta yi ba tata ba ce, alhali an gan ta da igiya a hannu.

Mota biyun nan, ban san yadda na hau na sauka ba. Ƙwai biyu sun fashe.

Shagon tela na wuce kai tsaye. Na ce, Malam, buhun tsummokaran nan fa? Ya ce matashi huɗu ya cusa jiya, an ma karɓi biyu. Na ce zazzage sauran. Ya ce lafiya? Matarsa ta ce, zazzage mata kawai, kai ma da tambaya. Muka baje a ƙasa. Babu. Na ce a farke matasan da suka rage. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ɗauko almakashi.

A na biyun yake. Can tsakiya, a dunƙule. Tela ya ce shi ya sa matashin nan ya ƙi kwanciya, ya ɗauka hannunsa ne ya lalace.

Na kwance ƙullin da haƙori. Uku. Sun yamushe kamar yatsun tsohuwa, amma kowace da ɗan farin tsiro a kai, kamar haƙorin jariri.

Na zauna a ƙasan shagon cikin tsumma. Matar tela tana ta shafa mini baya tana cewa to ya isa, ya isa, kin tara mana mutane.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na mai da ƙullin. Sau biyar ina ɗaurewa, bai yi kama da nata ba.

Ni ta ba. Ba matar babban ba, ba ta tsakiyan ba. Ina wanke-wanke sai in tsaya.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Baban Kurciya ya ce tunda an samu, a mai da ukun cikin baho a ce sauran ruɓewa suka yi. Na ce a'a. Ya ce yaushe kika yi baki? Na ce ranar Talata.

Kurciya ta ci ƙwai ɗaya da rabi. Na share ɗakin tsohuwar sau biyu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Tsohuwar ta dawo da hantsi, da baƙin tabarau kamar direban babbar mota. Tana sauka ta ce akwai yanar gizo a saman ƙofa. Sau biyu fa na share.

Na bari 'yan sannu da zuwa suka watse. Na ɗauko bahon, na ɗauko zanen, na ajiye gabanta, na durƙusa. Na ce na yi laifi. Na faɗa tun daga murfin tukunya. Ita ko motsi ba ta yi ba. Cikin tabaran nan ba ka san inda take kallo ba.

Da na gama ta tura hannu cikin yashin har wuyan hannu. Ta juya. Ta daɗe tana juyawa. Wannan ne ya fi mini zafi.

Ta ce, miƙo ta.

Na miƙa Kurciya. Ta ɗaga ta kamar mai auna buhu, ta kama cinyarta ta ce, nan bahona ya shige? Kurciya ta fizge tabaran. Ta bar mata.

Ta ce, nawa take ci a zama ɗaya? Na ce huɗu. Ta ce, da gishiri? Na ce babu. Ta ce, baho guda ba gishiri. Kin cuci yarinya, kin cuci saiwa.

Sai ta ja zanen. Ta dubi ƙullin ta ce, wa ya ɗaure wannan, kamar za a kai tunkiya kasuwa? Na ce ni ce. Ta juya shi, ta sa farce ta zaro wani koren zare, ta ɗaga shi a haske. Ta ce, wannan ba nawa ba ne.

Da na so in ɓoye wannan ɗin. Ko Iya ban gaya wa ba. Amma na tuna igiyar akuya. Na ce na kai shi wurin tela, na ɗauka tsumma kika ba ni, na ji haushi. A cikin matashin kai na samo shi.

Ta jefar da zaren. Can ta ce, tsumma ne mana. Na uwata ne. Sai kuma ta ce, ni ma da na buɗe baki na yi miki bayani, bakin ba zai yage ba.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce bana ba mai ci, ko ita, ko ni, ko mai cinyar nan. Ukun nan duk abin da suka haifa iri ne. Shekara biyu kafin baho ya koma yadda yake, in Allah ya sa sun tsiro. Kuma ni zan yi tonon, ita likita ya hana ta sunkuyo.

Da rana na kai mata abinci. Na tsaya bayan labule ina jin ƙarar cokali. Kwanon ya dawo wayam. Ta ce gishiri ya yi yawa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ba ruwa har yanzu. Kullum sai na taɓa ƙullin.

Talata, 6 ga Mayu

An yi ruwa da safe. Tsohuwar ta zauna a kujera da sanda tana nuna mini, nan, a'a nan, zurfin ya yi yawa, kabari kike tonawa? Tsiron sama ake sa shi, a kwance ba a tsaye ba. Mun kewaye da tsohuwar ragar taga saboda Kurciya, don ita ce akuyar gidan yanzu.

Asabar, 24 ga Mayu

Biyu sun fito. Ta ukun shiru, amma an ce a ba ta mako.

Nas ta ce in daina faɗar abincin, yarinya ta wuce wurin. To ban san me nake yi da wayar nan yanzu ba. Na dai saba ne.

Jiya ina tsugune ina cire ciyawa, tsohuwar tana bayana tana gyara mini, ta koya mini ƙullin. Sau biyu ake zagayawa, a tura bakin ta ƙasa. Na yi sau uku kafin ta ce ba laifi. Na ware zanena mai ruwan ƙasa na sa ƙasan akwati. Ba don komai ba, ya fara koɗewa ne kawai. Kurciya ko shekara biyu ba ta cika ba, ina maganar barin gida. Ajiyewa dai na yi.

Matar tela ta leƙo ta katanga ta ce, wa ya ce a dasa ragar a karkace haka? Na ce Innarmu ce. Ta ce, wa? Na ce ki ji ni da mata, ciyawa nake cirewa.

Labarin sunan kuwa na gaya wa baban Kurciya, ya ce shekara talatin yana ci bai sani ba. Na gaya wa matar tela, ita ta gaya wa tela, wai yanzu sai ya lalube kowane tsumma kafin ya cusa. Na aika wa Iya Mai Kaji cewa biyu sun tsiro, ta aiko a ce kar a bar ta ta zo da kaza ko ɗaya. Na gaya wa Kurciya ma, da safen nan a bakin ragar, tun daga kwandon har matashin kai. Ba ta gane komai ba, hannu take ta turawa ta ramin raga. Inna tana kujera tana jinmu, ta ce na tsallake wurin da mijin ya yi faɗa, in sake daga farko.